Tayoyin Motar Marigayi Sun Yi Ja, Ga Biki Ya Matso

Wasiƙar wannan makon daga Zariya ta zo. Na ɗan taƙaita ta, amma ban taɓa maganarsa ba:

"Assalamu alaikum, Kawu. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar wata tsohuwar mota ƙirar Chevrolet Bel Air ta 1957 wadda shi ma ya gada a wajen kakanmu. Tayoyinta irin masu farin gefen nan ne. Shi da kansa ya sa aka kawo masa su daga Amurka shekara goma sha shida da suka wuce, kuma duk Juma'a da safe yakan ɗauko kujera 'yar tsugunno ya zauna ya wanke su da hannunsa. Tun da ya kwanta ciwo ba wanda ya sake taɓa su. Yanzu saura mako biyar bikin ƙanwata, Hajiya kuma ta ce a motar Alhaji za a kai amarya Kaduna. Na kira yaron da ke mana wankin mota, ya goge farin da ruwan bilic, ya shafa wa baƙin man birki don ya yi sheƙi. Kwana biyu suka yi fari tas, yanzu sun koma ruwan ɗorawa, wani wajen har ja-ja, kuma ina ganin 'yan tsage-tsage a jikinsu. Yayana ya ce a sayo farin fenti a shafe kawai a huta. Da na ce ko a canza tayoyin, Hajiya ta yi shiru, can ta ce, 'Abin da ya rage da hannunsa a jiki ke nan.' Kawu, yaya zan yi in dawo da farinsu kafin biki ba tare da na ɓata wa kowa rai ba?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Alhaji, ya kai haske kabarinsa, ya ba Hajiya haƙurin rashi. Mutumin da zai tsuguna duk Juma'a ya wanke taya da hannunsa alhali ga yara cike da gida, na san irinsa, kuma na gane abin da ya sa maganar Hajiya ta tsaya maka a maƙogwaro.

Hanyar dawo da fari ka tambaya, kuma zan gaya maka ita dalla-dalla. Sai dai akwai abu biyu a wasiƙarka da suka fi launin tayar da mini hankali: shekara goma sha shida, da tsage-tsagen da ka ce kana gani. Roba tana tsufa ko an hau ta ko an ajiye ta. Motar da ba a fita da ita sai jefi-jefi, zanen tayarta zai zauna kamar sabo, wanda bai sani ba ya ce ai ko rabi ba ta ci ba, alhali ciki ya bushe, zaren da ke riƙe da ita ya fara rabuwa da robar. Kyan ɗan maciji ke nan. Kamfanin taya na Michelin da kansa yana cewa taya in ta wuce shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a sauke ta ko da zanenta bai cinye ba, har da safaya. A nan gida kuwa jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu ma suke faɗa wa direbobi. Naku sun wuce kowane ma'auni da nisa.

Kada ka tsaya a kan lissafin shekarun da ka tuna, je ka karanta a jikin tayar. Ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi haruffan har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: in ka ga 2309, a mako na 23 na shekarar 2009 aka yi ta. A irin waɗannan tayoyin sau da yawa cikakkiyar lambar tana ɓangaren ciki, baƙin gefen da ke kallon ƙarƙashin mota, don haka ka ɗauki tocila da tabarma. In kuwa lambobi uku kacal ka gani, kafin shekarar 2000 aka yi ta, ta riga ta tsufa tun kafin ta iso hannun Alhaji.

Daga Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne a kan babban titi, da rana, kwalta ta ɗau zafi, mota cike da amarya da ƙawayenta da gwaggonni. Motar nan birkin ganga gare ta a ƙafafu huɗu, kuma yawancin irinta ba su zo da bel ɗin kujera ba. In tayar gaba ta fashe ana cikin gudu, babu abin da zai taimaki direba. Ni dai ba zan ɗora 'yata a kan waɗannan tayoyin ba, kuma ba zan ce ka ɗora ƙanwarka ba. Wannan shi ne hukuncina, sauran maganar duk a kansa take tafiya.

Amma sauke su daga titi daban, yar da su daban. Za a wanke su su yi kyau, kuma akwai amfanin da za su yi a bikin. Don haka bari mu koma kan farin, mu fara da abin da ya sa ya yi ja, domin wanda bai san ciwo ba shi ke shan maganin da ke ƙara shi.

Asalin taya ba baƙa ba ce. A farkon zamanin mota, robar da ake yi da ita fara-fara ce, saboda wani farin garin zinki da ake zuba mata don ta yi ƙarfi. A farkon ƙarni na 20 aka gano cewa in aka haɗa roba da baƙin garin kabon, wani abu mai kama da kunkunniyar fitila, tana daɗewa ninkin-ba-ninkin. Kamfanin B.F. Goodrich na Amurka yana cikin na farko da suka rungumi wannan, yana sayen garin daga kamfanin Binney & Smith, mutanen da ke yin alkalamin kala na yara mai suna Crayola. Da fari inda ke taɓa ƙasa kawai ake sa wa baƙin, gefe ya zauna fari. Abin da ya fara a matsayin tsimin kuɗi sai ya rikiɗe ya zama ado. Ford ta fara sayar da farin gefe a matsayin ƙari ga mai so a 1934, a kan dala 11.25. Shekarun 1950 su ne ganiyar faffaɗan fari, wanda motarku ta fito da shi. A 1957 ɗin nan ne kamfanin Cadillac ya fitar da motarsa Eldorado Brougham da siririn zobe mai faɗin inci ɗaya, kuma zuwa 1962 yawancin motocin Amurka sun koma siririn. Na kawo wannan ne don ka san farin da ke jikin tayar Alhaji roba ce fara da aka gasa tare da tayar, kauri gare ta, ba shafe ba ce.

To a cikin baƙar robar akwai wani sinadari da masu yin taya ke sawa, ana kiransa 6PPD, aikinsa kare ta daga iskar ozon mai tsattsaga roba. Ba ya zama wuri ɗaya, a hankali yake tsattsafowa waje, in ya haɗu da iska ya koma ruwan ƙasa. Shi ne jan da kake gani a gefen kowace baƙar taya da ta kwana biyu ba wanki. Farar robar ba a sa mata shi, don zai ɓata ta, har ma akan sa wani shinge tsakaninta da baƙar. Duk abin da ya narka wannan sinadarin ya kwaso shi ya kai kan farin, ya ɓata shi. Man birki yana yin haka, fetur yana yi, kananzir da baƙin mai da tinar sirka fenti duk suna yi. Yaron naku ya shafa man birki a baƙin, tsumman ya bi ta kan farin, rana ta buga, abin ya shige. Shi kuma ruwan bilic yana cinye dattin sama nan take, shi ya sa kuka ga fari tas, amma yana busar da fuskar robar, ta yi kaushi, ta buɗe ƙananan ƙofofi kamar fason ƙafa a hunturu. Daga nan kowace ƙura da kowane maiƙo sai su sami wurin zama. Gyaran gangar Auzinawa aka yi muku.

Kada ka yi wa yaron faɗa. Abin da ya ga ana yi a wajen wankin mota ya yi, kuma a baƙar tayar da za ta cinye cikin shekara biyu ba mai lura da ɓarnar. Ni kaina ina saurayi na taɓa goge farin gefen motar maigidana da tsumma da fetur, ina jiran yabo. Bayan sati guda farin ya koma kamar haƙorin mai cin goro, kuma har aka sayar da motar bai dawo ba. Ka dai ce masa daga yau tayoyin nan kai za ka riƙa wankewa.

Kafin ka ɗebo ruwa, ka sa farce a bakin farin inda ya haɗu da baƙin. In ya ɗago kamar leɓe, to zoben roba ne da ake maƙalawa tsakanin wili da taya, ba ainihin farin gefe ba, wannan cire shi ake yi a sa wani. Tunda daga Amurka aka kawo su ina kyautata zaton na ainihi ne, amma dubawar ba ta cin minti ɗaya.

Da sassafe za ka yi aikin, a inuwa, tayar tana da sanyi. Sabulu a kan roba mai zafi bushewa yake yi kafin ya yi aiki, ya bar zane. Ka tanadi bokiti biyu da burushi biyu, irin na roba mai ɗan tauri da ake wanke kaya da shi, ɗaya na baƙin ɗaya na farin, kuma kada su taɓa haɗuwa ko da a wajen shanya. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: burushin da ya goge baƙin ya ɗebo wancan jan sinadarin, sai su kai shi kan farin da hannunsu, su yi ta mamakin me ya sa yake ƙara dafewa. Ka fara watsa ruwa sosai ƙura da yashi su sauka. Sannan ka wanke baƙin da sabulun ruwa na wanke-wanke a ruwa mai ɗumi, ka yi ta gogewa kana ɗaurayewa har kumfar ta daina fitowa ja. Saboda man birkin nan zai iya kai ka sau uku ko huɗu. Sai baƙin ya fita tsaf za ka waiwayi farin, da sabon ruwa da nasa burushin, kana bin zagayen tayar, kana ɗauraye wa daga sama zuwa ƙasa.

Abin da sabulu ya bari, ka kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan ya yi kauri kamar man goge baki, ka shafa, ka bar shi minti biyar, ka goge da soso mai ɗan kaushi. Na san za a ce maka ka sa soson ƙarfe. Masu tsofaffin motoci a Amurka sun daɗe suna amfani da irin mai sabulu a ciki, kuma yana fid da datti, ba musu. Ni ba na son sa kusa da wannan motar, don ɓurɓushinsa yana maƙalewa a tsagun roba ya yi tsatsa, ya bar ɗigo-ɗigon ja, kuma in hannunka ya zame sau ɗaya ya karce murfin wilin, wanda samun irinsa yanzu sai an sha wuya. In za ka iya, ka cire murafen ka ajiye a ɗaki kafin ka fara. Toka da kanwa kuma a bar wa tukunya.

Sai wurin da tayar ta gogi bakin kwalbati ko dakalin gefen titi ta yi baƙin tabo. Wannan sanfefa ce maganinsa, irin ta ruwa da masu fentin mota ke amfani da ita, mai lamba 400 ko 600. Ka jiƙa ta, ka jiƙa wurin, ka riƙa shafawa da sauƙin hannu kana zuba ruwa, da zarar tabon ya ɓace ka tsaya. Tunda farin kauri gare shi, abin da kake yi shi ne kankare 'yar fatar sama don sabuwa ta fito. Amma kaurin yana da iyaka, in ka zurfafa za ka tarar da baƙi a ƙasa, kuma daga nan ba gyara. Garin neman gira kada a rasa ido. Haka za ka iya bi da sanfefar a hankali a duk inda bilic ya ƙona fuskar. Inda tsaga take kuwa, kada ka matsa, ba ta gogewa. (Turawan wancan zamanin har wata 'yar waya mai lanƙwasa suke ɗaura wa gefen mota a ƙasa, kamar gashin bakin kyanwa, in ta taɓa dakali ta yi ƙara direba ya san ya matso. Duk don kada farin taya ya gogu. Ka duba ƙasan motar Alhaji, ba mamaki akwai su.)

Da ka gama sama, ka tura motar gaba kaɗan, rabin juyi, don ɓangaren da ke ƙasa ya hau. Ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka tsane da farin tsumma mai tsabta. Kada ka shafa wa farin komai bayan nan. Man sheƙin taya da ake sayarwa a kanti, musamman mai maiƙon fetur, shi ne babban mai mayar da fari ruwan ɗorawa. In kana son baƙin ya yi duhu, akwai irin na ruwa mai kama da madara, ka ɗiga a soso ka bi baƙin kaɗai, ka bar tazarar yatsa tsakaninsa da farin.

Ga gwajin da zai gaya maka gaskiya. Ka wanke taya ɗaya tak, ka ɗauki hotonta, ka bar ta kwana bakwai a inuwa. In ta zauna fara, dattin na sama ne, ka ci nasara, bi sauran. In rawayar ta dawo ba tare da motar ta je ko'ina ba, daga ciki take tsattsafowa, shingen nan ya gaji, kuma babu sabulun da zai tsayar da ita. A taya mai shekara goma sha shida da ta sha bilic da man birki, ina jin abin da za ka samu shi ne fari mai ɗan duhu, irin na hauren giwa. Ka karɓe shi haka. A ido da hoto yana da kyau, kuma ya fi dacewa da motar da ta haura shekara sittin fiye da farin alli.

Maganar Yaya ta fenti, na gane inda ya dosa: lokaci ya ƙure, yana son a rufe abin a wuce wurin. Amma fentin gida ko na mota ba ya lanƙwasa yadda roba ke yi. Kowane juyi gefen taya yana lotsawa yana miƙewa, fentin sai ya tsattsage ya riƙa ɓarewa, kuma jan sinadarin nan yana ratso shi daga ƙasa cikin 'yan kwanaki. Tinar da ke cikinsa ma ƙara cin robar take. Mafi muni, zai rufe tsagun da ya kamata a riƙa gani. Kada ka tsaya musu da yayanka a gaban Hajiya ko a gaban yara. Ka samo wata yasasshiyar taya a wajen mai faci, ka ce, "Yaya, bari mu gwada a wannan tukuna mu ga yadda zai zauna." Ku shafa, ku bar ta a rana sati guda, ku taka ta da ƙafa. Gani ya kori ji, kuma shi da bakinsa zai ce a bari. Af, in ba a riga an raba gado ba, motar nan ta magada ce gaba ɗaya, don haka duk abin da za a kashe mata ko a cire mata, da saninsa da na sauran za a yi. Wannan ma dalili ne na jawo shi jiki tun yanzu.

To da me za a kai amarya? Motarku da wili mai inci 14 ta fito, lambar tayarta ta asali 7.50-14. Har gobe ana yin irinta sabuwa. Kamfanin Coker Tire da ke Chattanooga a jihar Tennessee ya sayi tsofaffin ma'aunan gasa taya na kamfanoni irin su Firestone da B.F. Goodrich, yana fitar da su da faffaɗan farinsu kamar na da. In akwai hali, kuma akwai wani naku a can da zai sa a jirgin sama, wannan ita ce hanyar da ta fi, amma mako biyar ba yawa, yau za a fara magana ba gobe ba. Ta jirgin ruwa kada ma ka sa rai. In sun iso za ka ga farin shuɗi ne. Kada hankalinka ya tashi, wani shafe ne da ake yi don kare shi a hanya, ruwan ɗumi da sabulu ke fid da shi.

In hakan bai samu ba, ka je kasuwar taya a Kaduna ko Kano ka nemi sabuwa mai inci 14 da tsayinta ya yi kusa, kamar 205/75R14, ko tayar bas mai lamba 195R14C, wadda wasu kamfanoni ke yi da siririn farin zobe. Ta bas ɗin tana da tauri, motar za ta ɗan riƙa buga ku a gargada, kuma siririn zobe ba na zamanin motar ba ne, masana za su gane. Amma sabuwa ce, za ta kai ku ta dawo da ku. Ka karanta lambar shekara da idonka kafin ka biya, kuma ka guji ta gwanjo komai kyanta. Huɗu za ka saya iri ɗaya, da ta biyar ta safaya. Tayoyin da da na yanzu saƙar zarensu daban ce, haɗa su a mota ɗaya yana sa ta riƙa ja gefe, musamman wajen taka birki. Ka sa mai facin ya duba wilin ko tsatsa ta ci bakinsa, ya canza bawul. Sannan ka sani irin tayar yanzu tana sa tsohon wili ya ɗan riƙa motsi, murfinsa ya kan fice a kwana, don haka a tabbatar ya kama da kyau. Bakanike kuma ya duba birki da tiyon mansa, motar da ta yi shekara a tsaye ba a yarda da ita haka nan. Ku zaga da ita cikin gari sau biyu ko uku kafin ranar.

Saura Hajiya, kuma nan ne aikin yake. Ka lura ba ta ce tayoyin suna da kyau ba, ba ta ce za su kai Kaduna ba. Cewa ta yi hannunsa na jiki. Kai kana maganar roba, ita tana maganar mijinta, shi ya sa ta yi shiru. In ka koma mata da lambobi da sunan kamfani, za ka yi gaskiya kuma za ka ƙara mata ciwo.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Ranar Juma'a da safe ka ɗauko kujerar nan ta Alhaji, ka zauna inda yake zama, ka wanke tayoyin da hannunka yadda na faɗa maka. Kada ka kira ta, za ta ji ƙarar burushi. In ta fito, ka bar ta ta kalla. In an gama, ka kama yatsanta ka ɗora a kan tsagar da ta fi zurfi, ka ce, "Hajiya, Alhaji da ya ga wannan, zai yarda a ɗauki 'yarsa a kai?" Ta fi ka sanin amsar, don ta fi ka sanin irin kulawarsa. Sannan ka gaya mata abin da ka shirya: ranar kamu ko ranar walima motar za ta tsaya a ƙofar gida da tayoyinsa, a yi hotuna, amarya ta zauna a ciki, a yi masa addu'a. Kashegari a sa sababbi a kai ta ɗakinta. Nasa kuma ba za su bar gidan ba. In kana jin nauyin faɗa, ka tafi da Yaya, ko ka nemi ƙaninta ko wata aminiyarta ta zauna a wurin. Kada ka ce mata "sun lalace". Ka ce sun gama aikinsu.

Ajiyarsu kuma tana da ƙa'ida, kuma ita ce dai ƙa'idar sababbin in an sa. Rana ce babbar abokiyar gaba, sai zafi, sai maiƙo a ƙasan gareji. Kada a ajiye su kusa da janareta, injin walda ko injin jan ruwa, domin tartsatsin lantarki yana haifar da iskar ozon ɗin nan mai tsaga roba. In za ka jera su, fari ya kalli fari, baƙi ya kalli baƙi, ka sa kwali a tsakani. Farin da ya kwana jingine da baƙar roba yana ɗaukar tabon da ba ya fita har abada, ko sabuwa ce fil. Kowace ka sa ta a babbar leda ka ɗaure, a ɗaki mai sanyi da duhu. Waɗanda ke jikin mota kuwa, a ɗinka musu riga da farin yadi mai kauri, a riƙa duba iska duk wata, in za ta daɗe a tsaye a ɗaga ta a kan jak nauyi ya sauka daga kansu. Fita da ita ma magani ne, ko sau biyu a wata, don juyawar taya ke fito da kakin da ke kare fuskarta. Da damina in ta taka jar laka, a wanke a ranar kafin ta bushe, jar ƙasar nan tamu tana kama fari kamar lalle. Da hunturu kuwa ruwa da sabulu duk mako biyu ya isa. Alhaji da yake yi duk Juma'a, shi ya sa bai taɓa buƙatar bilic ba.

Abu na ƙarshe, ka buɗe but ka duba safaya. Mutum irin mahaifinka biyar yake saya, ba huɗu ba. In ba a taɓa sa ta ba, mai yiwuwa har yanzu shuɗin nan na jikinta yadda ta zo masa daga Amurka. Ita ma ta tsufa, ba ta hawa titi. Amma in ka same ta haka, kada ka wanke. Ka share mata ƙura, ka kai wa Hajiya ta gani.

Ka gaishe ta, ka gaida Yaya. Allah ya sanya alheri a auren, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.